Kwalba Uku Babu Suna

Masu turo mini saƙo kuna tambayar ina na shige, wasu har da tsokanar wai amarya ta samu miji ta manta da mutane, ku yi haƙuri. Babu wani amarci, ko rana ba a sa ba. Tsoro ne ya hana ni rubutu. Amma in ban amayar da abin da ke cikina ba kaina zai iya fashewa, ku kuma ba ku san fuskata ba, shi ya sa na fi sakewa da ku.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, Auta ake ce mini a gida. Ina aiki a ɗakin bincike na wata jami'a, can ƙarshen baranda, inda aka manna takarda a ƙofar gilashi cewa kar a shiga da abinci, alhali a bayan ƙofar muke shan shayinmu. Aikinmu da zinare ne. Ba irin wanda Umma ke ƙullewa a tsumma ta tura ƙasan akwati ba. Namu sai mun mayar da shi ƙwayoyi ƙanana, ƙanana har dubbansu su jeru a faɗin gashin kai guda, su ake ce wa nano. In zinare ya ƙanƙance haka ba ya zama rawaya, ja yake komawa a cikin ruwa, ja kamar ruwan rumman. Kowace ƙwaya sai mu maƙala mata 'yar ƙugiya wadda abu ɗaya tak take kamawa, wato wani sinadari da kansar hanta ke saki a jini tun tana 'yar mitsitsiya, tun mutum na yawonsa yana dariya. In ka ɗiga ruwan jinin mai lafiya, jan yana nan ja. In akwai abin nan a ciki, sai ƙwayoyin su cukuikuye juna su dunƙule, ruwan ya koma shuɗi.

Ku riƙe mini wannan a ranku. Ja lafiya, shuɗi ba lafiya ba.

Ɗaya rabin aikin shi ne mu ɗora wa ƙwayoyin magani su kai shi kan ƙarin kai tsaye, ba sai ya bi jiki yana karya gashi yana ƙona hanji ba. Wannan kam har yanzu a kan ɓeraye muke gwadawa. Farfesa, matar da ke shugabantar ɗakinmu, takan ce in Allah ya kai mu ga mutane kafin ta yi ritaya to ta gode masa.

Ranar da na fara yi wa Dogo wannan bayanin, sai ya jingina da kujerar mota ya ce, "Ashe sana'armu ɗaya, Likita. Ku ma kai saƙo kuke yi. Bambancin kawai, naku yaran ba sa tsayawa hira a hanya."

Dogo shi ne mai nemana. Yana da ɗan kamfanin kai kaya gida-gida, da babura da ma'aikatansa, in aiki ya yi yawa shi ma yakan kifa hular kwano ya hau. Na gaya masa ya fi a ƙirga cewa ni ba likita ba ce, ko maganin ciwon kai ban isa in rubuta wa mutum ba, amma sunan ya riga ya zauna masa a baki. Ni dariyarsa ce ta fara kama ni, irin dariyar da sai ya dafe kai yake yin ta.

Umma kuwa ba don dariya take son sa ba, don lafiyarsa ne. Mijin Yayata ciwon hanta ne ya tafi da shi, aurensu ko shekara biyu bai cika ba. Ta dawo gida da goyo a baya da ledar magungunan da ba a ƙarasa sha ba. Tun daga nan Umma ta yi rantsuwa, a gabanmu ta yi ta, cewa ba za ta sake kai 'yarta jinya da sunan aure ba. Da Dogo ya fito, babu gwajin da ba ta sa ya yi ba, shi kuma ya bi ya yi duka yana dariya, duka suka fito fes. Yanzu in ya shigo gaishe ta sai ta bi shi da kallo har ya fita, ta ce, "Kalle shi tubarkalla. Wannan ko mura kunyarsa take ji."

Asabar ɗin nan manyansa za su zo gidanmu a tsayar da magana. Ku riƙe wannan ma.

To, a ɗakinmu akwai wata al'ada. Duk sanda muka haɗa sabon zinare sai mun gwada shi da jinin marasa lafiya da na masu lafiya, mu tabbatar yana bambancewa. Na marasa lafiya daga asibiti yake zuwa a daskare. Na masu lafiya kuwa, duk wanda ke kusa kuma yana da jijiya, shi ne. Ni kaina hannuna na hagu ya sha allura har na daina ji. Doka ɗaya ce a kai, ba a rubuta suna. Shekarun baya an taɓa rubutawa, jinin wata ma'aikaciya ya tona cewa tana da ciki tun kafin ta gaya wa mijinta, zance ya zaga jami'a, matar ta bar aikin. Tun daga ranar Farfesa ta ce kwalba ba ta da suna. A ɗebi jini, a zuba kwalaben a akwati ɗaya, a juya su, sannan a manna lamba. Ba a ɓoye sunan a wani wuri ba ne, a'a, babu shi ne kwata-kwata. Ko Farfesa ba za ta iya ce maka wannan na wane ba ne.

Ranar Litinin da yamma Dogo ya zo ɗaukata. Ina sanye da doguwar riga ruwan toka da ɗan mayafi baƙi, farar rigar aiki a kai, aljihunta duk tabon alƙalami. Shi kuma ya sha farar shadda sabuwar guga, yana ta ƙamshi, ya tsaya a bakin ƙofar gilashi yana ƙwanƙwasawa da makullin mota.

Abokin aikina ne ya buɗe masa. Sarkin Ɓera muke ce masa, don shi ke kula da ɓerayen gwaji, magidanci ne mai 'ya'ya, ga barkwanci. Ya dubi Dogo sama da ƙasa ya ce, "Amarya, wannan bawan Allah jini ya yi masa yawa. Kwalba uku muke buƙata, ga tawa ga taki, Farfesa kuma ba ta nan."

"Bar shi, tsoron allura yake ji," na ce.

"Wa? Ni?" Dogo ya ce, ya shigo yana naɗe hannun riga. "Ku ɗiba. In kun ga sunanta a ciki kar ku yi mamaki."

Ya zauna a kan doguwar kujerar da muke zama a gaban tebur. Da na ɗaure masa damtse na goga auduga, sai ya juya fuska can wajen taga ya runtse ido, ƙaton mutum guda, yana karanto addu'a ƙasa-ƙasa. Muka yi ta yi masa dariya. Ni na ɗebi jinin da hannuna. Sarkin Ɓera ya kwashi kwalabe ukun, iri ɗaya sak, murfi iri ɗaya, ya jefa a akwati ya jujjuya, ya manna musu lamba. Muka fita muka bar shi yana wulwula su a injin da ke raba ruwan jini da jajayensa.

Washegari da safe na jera 'yan kwalaben zinare uku a kan farin tebur, na ɗiga wa kowace nata, na kunna agogo, na juya ina amsa saƙon Dogo. Ya rubuto, "Hannuna ya kumbura, sai kin biya diyya." Na mayar masa, "Rago kawai." Ina murmushi agogo ya yi ƙara, na waiwaya.

Biyu ja. Ta tsakiya shuɗiya.

Ban tsorata ba a lokacin, tsaki ma na yi. Zinaren nan shagwaɓaɓɓe ne, ɗan gishiri ko kwalbar da ba a wanke da kyau ba na iya sa ya dunƙule. Na canja safar hannu, na ɗauko sabuwar kwalba, na ɗebo zinare daga wani haɗin daban da muka daɗe da yarda da shi, na sake. Wannan karon ban taɓa waya ba, tsayawa na yi a kanta. Ina kallo jan ya fara dushewa, ya yi kamar ruwan hoda mai duhu, sannan a hankali ya rine. Na ja da baya daga teburin.

"Sarki," na ce. "Zo ka gani."

Ya zo da kofin shayi a hannu yana wata waƙa. Ya kalli teburin, waƙar ta tsaya. Ya ajiye kofin a inda ba a ajiye kofi.

"Na asibiti ne?"

"Namu ne."

Farfesa ta shigo ba da jimawa ba, da jakarta a kafaɗa ko zama ba ta yi ba. Ta sa tabarau, ta sa aka sake gwajin a gabanta, ya sake yin shuɗi. Sannan ta tambayi su wa suka ba da jini. Da aka ce har da Dogo sai ta rufe ido.

"Wannan laifina ne," ta ce. "Ni na bar al'adar nan ta zauna. Daga yau ba a ƙara ɗibar jinin 'yan ɗaki, balle na baƙinsu." Ta cire tabarau ta dube mu. "Ku saurare ni da kyau. Wannan gwajin bincike ne, ba a amince da shi a asibiti ba, ba mu da hurumin ce wa kowa yana da ciwo. Yana iya yin kuskure. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, tunda muka fara bai taɓa maimaita mana shuɗi a banza ba. Mai wannan jinin yana buƙatar hoton ciki, kuma ba wata mai zuwa ba."

"Mu duba rukunin jinin," Sarkin Ɓera ya ce.

"Ni da Dogo rukuninmu ɗaya," na ce. Abin da muke alfahari da shi ke nan, wai ko jininmu ya san juna.

Sarkin Ɓera ya naɗe hannun riga ya miƙa wa Farfesa. Aka ɗiba, aka wulwula, aka ɗiga. Muka tsaya mu uku a kan 'yar kwalba ɗaya babu mai numfashin kirki. Agogo ya yi ƙara, tana nan ja. Bawan Allah ya sulale ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannu biyu yana kiran sunayen 'ya'yansa. Can ya tuna da ni, ya ɗago a kunyace.

Farfesa ta ce, "Miƙo hannu, 'yata."

Na mayar da hannuna baya kamar yarinyar da za a yi wa bulala. "Gobe," na ce.

Ku lissafa tare da ni, 'yan uwa, ku gaya mini ta ina zan fita. Kwalba uku ce, ɗaya ta fita. Saura ni da shi. In na gwada nawa ya yi shuɗi, ni ce ke ɗauke da abin da ya kashe mijin Yaya. In ya tsaya ja, to babu sauran tambaya, Dogo ne. Sarkin Ɓera yana da sakamakon da zai yi wa murna, ni ba ni da shi. Muddin ban miƙa hannun nan ba, mu biyun muna da rabin lafiya, ni kuma na maƙale wa rabin nan.

Farfesa ta gane. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Na ba ki zuwa Juma'a. In ba ki yi ba, kuma ba ki gaya masa ba, ni zan kira shi da kaina. A ɗakina aka ɗebi jininsa, haƙƙinsa na wuyana."

Na koma gida na tarar an kwance labulen falo, an jingine kujeru a tsakar gida ana kakkaɓa. Umma na tsaye a tsakiya da ɗankwali ɗaure a kugu tana ba da umarni. Sababbin labule ruwan zuma ne masu ɗan zare mai ƙyalli a baki, ta shimfiɗa su a kan gadona tare da leshi biyu, ɗaya ruwan ƙwai ɗaya shuɗi.

"Zaɓi wanda za ki sa ran Asabar, tela na jira," ta ce. "Ni dai shuɗin ya fi yi mini."

"Ba na son shuɗi."

"Tun yaushe? Ke da komai naki shuɗi, har buroshin haƙori?"

"Umma ba na so ne kawai."

Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske. "Kin rame. Aikin nan naku na ɓeraye zai tsotse ki kafin a kai ki. Ki ci abinci, kar dangin miji su ce ba ma ba ki."

Kin rame. Kalma biyu, amma sai da na dafa bango. Na shige banɗaki na kulle, na ja fatar idona ƙasa a gaban madubi ina neman rawaya a farin. Na danna ƙasan haƙarƙarina na dama, na danna har ya yi zafi, sannan na rasa ko zafin dannawa ne ko na ciwo. Gajiyar da nake ji kwanan nan, wadda na ɗora wa aiki, ta dawo mini da wata fuska. Na fito na zauna a bakin gado a kan leshin Umma, na buɗe hotunan Dogo a waya ina ja da yatsa biyu har idonsa ya cika fuskar wayar. A wani hoton farin idon fari ne tas. A wani kamar da ɗan rawaya, amma da yamma aka ɗauka. Haka na yi ta yi, daga idona zuwa nasa.

Saƙon muryarsa ya shigo ina cikin haka. Hayaniyar titi a bayansa, yana dariya.

"Likita, yau ni na yi ta zirga-zirga, mutum biyu ba su zo aiki ba. Gefen cikina na dama sai wani nauyi yake yi mini, na ce wa kaina tsufa ne ya fara leƙo ni, ko kujerar babur ɗin nan ce. Kar ki gaya wa Umma, ta fasa ba ni ke."

Na saurara, na sake saurara. Na rubuta, "Tun yaushe yake yi maka nauyi?" Na goge. Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Daga ƙarshe na tura masa, "Sannu. Ka huta." Ya turo hoton zuciya, ni kuma na kifa wayar a kan katifa.

Laraba da Alhamis na je aiki kamar gawa mai tafiya. Sarkin Ɓera ya daina ce mini Amarya, ya daina waƙa, in na shigo sai ya sami abin yi a ɗakin ɓeraye. Na bi shi ciki sau ɗaya. Na tsaya a gaban kejin waɗanda muke ba maganin da zinare ke kaiwa, waɗanda ƙarinsu ya fara motsewa, suna ta guje-gujensu a cikin dusa. Da can in na gan su daɗi nake ji. Ranar haushinsu na ji. Ga magani a jikin ɓera, mutum kuma sai ya jira shekaru.

Yaya ce ta kama ni. Alhamis bayan la'asar ina ɗakinta ina taya ta tsefe wa 'yarta Mimi kai, sai na ji bakina ya ce, "Yaya, shi Abban Mimi yaya abin ya fara masa?"

Hannunta ya tsaya a kan kan yarinyar. Ta ce wa Mimi ta je wajen Umma ta karɓo man kitso, ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna a gabana.

"Ba ya farawa," ta ce. "Sai dai ki farka ki tarar ya gama. Ranar da idonsa ya yi rawaya muka je asibiti, likita ya ce da mun zo bara." Ta ƙura mini ido. "Waye?"

"Ban sani ba."

"Auta, kar ki raina mini hankali."

"Wallahi Yaya ban sani ba, abin ke nan."

Na kwashe komai na gaya mata, tun daga farar shaddar har zuwa kwalbar tsakiya. Ba ta yi kuka ba, Yaya ta daɗe da ƙarar da nata hawayen. Matajin da ke hannunta kawai take juyawa.

"In nasa ne Umma ba za ta yarda ba," ta ce. "Ko da likita ya ce an kama da wuri, ko da an yanke an cire. Kin san ta."

"Na sani."

"In kuma naki ne, su ma nasa ba lallai su tsaya ba."

"Na sani, Yaya." Na ɗago na dube ta. "Ke da kin sani tun farko, da za ki aure shi?"

Ta daɗe tana kallon ƙofar da Mimi ta fita. "Wata rana in na tashi amsar eh ce, wata rana a'a," ta ce. "Amma abu ɗaya ba ya canjawa. Da wani ya zo mana da kwalbar nan taki shekara guda kafin nan, ko da gwajin ɓera ne, da na durƙusa na gode masa. Ke kina da abin da ban samu ba, kin zauna a kai kina tsefe kai. Kowace rana da kika ƙara, ɗayanku kike cuta."

Mimi ta dawo da man kitso, muka ci gaba da tsifa.

Zan gaya muku wani abu yanzu, don a nan ne nake so ku yi mini hukunci. Duk kwanakin nan abu ɗaya nake maimaita wa kaina, gara nawa ne. A kan sallaya na faɗa, a gaban madubi na faɗa, a motar haya na faɗa. Na ce ni na san ciwon, na san likitocin, zan iya ɗauka. Shi yana da mahaifiya tsohuwa da ƙanne da ma'aikata da ke ci a ƙarƙashinsa. Na yarda da kaina har ina jin wani irin daɗi, wai ni ce mai son da za ta karɓi ciwo a madadin masoyinta.

Juma'a da yamma, bayan ɗalibai sun watse, na tura wa Dogo saƙo ya zo ya ɗauke ni. Ya ce yana hanya, zai tsaya karɓo hularsa ta gobe a wajen mai wanki. Na cire mayafi na rataye, na sa farar riga, na zauna a kan doguwar kujerar nan da Dogo ya zauna, na miƙa wa Sarkin Ɓera hannun hagu. Sai da ya nemi jijiyar sau biyu. Farfesa na ofishinta, ta bar ƙofa a buɗe.

Injin ya yi ta wulwulawa, ƙararsa ta cika ɗakin. Da ya tsaya na ce su bar ni ni kaɗai. Na ɗebi ruwan jinina da kaina, rawaya-rawaya kamar na kowa, na ɗiga a cikin jan zinaren, na kunna agogo. Na so in yi addu'a na rasa me zan roƙa. In ce Allah ya sa ja, na roƙa wa Dogo ciwo. In ce ya sa shuɗi, bakina ya ƙi furtawa. Sai na yi ta cewa ya Allah, ya Allah, ban ƙara komai a kai ba. Wayata ta yi haske a gefe, Umma ce ta turo hoton falo an rataye labule, ta rubuta, "Ya yi?" Na mayar da ido kan kwalba. Wata inuwa ta gifta ta cikinta, zuciyata ta tsinke, ashe hannuna ne ya tare fitila.

Agogo ya yi ƙara.

Ja. Ja garau, kamar ban ɗiga komai ba.

"Alhamdulillahi," na ce. Da ƙarfi na faɗa, har da dariya. Wani sanyi ya ratsa ni daga kai har ƙafa, ƙirjina ya buɗe, na ja numfashin da rabona da irinsa tun Talata. Zan rayu. Zan ga Mimi ta girma. Na ɗaga kwalbar sama ina kallon ta a fitila, ina jin kamar in sumbace ta.

Sannan na tuna abin da nake yi wa godiya.

Ban san tsawon lokacin da murnar ta ɗauka ba, wataƙila numfashi uku ne. Amma ta faru, kuma daga can cikin cikina ta fito, ba wanda ya sa ni. Duk gara nawa ne da na yi ta faɗa, ashe a leɓe ya tsaya. Na ajiye kwalbar a hankali. Da na waiwaya Farfesa na tsaye a ƙofar ofishinta, ta ji ni, ta kuma ga launin. Na kasa haɗa ido da ita.

Aka ƙwanƙwasa gilashi da makullin mota.

Yana tsaye a waje da hula a leda, ya ɗaga ta yana nuna mini, yana yi mini alama da gira wai ya ta yi. Sarkin Ɓera ya buɗe masa ya wuce ɗakin ɓeraye da sauri ko gaisawa ba su yi ba. Dogo ya shigo da ƙamshinsa da dariyarsa, ya ga sirinji da auduga a kan tebur, ya ja da baya da wasa.

"A'a, Likita. Yau ma jinin za a sha? Ki bar mini na gobe mana, kar in faɗi a gaban surukai."

"Eh," na ce. "Zauna. Amma akwai maganar da zan fara gaya maka."

Ya buɗe baki zai ƙara wata tsokanar, sai ya ga fuskata. Ya kalli audugar da ke manne a hannuna, ya kalli jar kwalbar, ya kalli shuɗiyar da ke gefenta tun Talata. Dogo ba ya mantuwa, ni da kaina na koya masa abin da launin nan ke nufi, a cikin motarsa, yana dariya.

Ya ajiye hular a kan tebur. Ya zauna a kan doguwar kujera, ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa ya shiga naɗewa a hankali, ninki bayan ninki, har ya wuce gwiwar hannu.

"Jan naki ne?" ya ce.

Na gyaɗa kai.

"To Alhamdulillahi," ya ce, ya miƙo mini hannun.

Wannan karon bai juya fuska wajen taga ba. Ni yake kallo.